Takardar Likkafanin Inna

Tastur, ƙasar Tunis, watan Shawwal, 1033

Zuwa ga ƙanena Faraj ɗan Lubbu, a unguwar Galata ta Santambul.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ni da maigidana Balkasim da yara duk muna nan kalau. Itacen rumman ya yi 'ya'ya bana har sai da muka tokare rassan. Ka ce in riƙa rubuto maka da Larabci don hannuna ya saba. Yi haƙuri Malam, ajaminmu na gida na iya, kuma da shi zan yi maka magana don kada ka ce ba ka gane ba.

Inna ce ba lafiya. Tun bayan azumi ƙafafunta suka kumbura, ta ajiye saƙar hular dara, ita da ba ta iya zama ba allura a hannu. Mai magani ya zo ya duba ta ya tafi, ni kuwa ban tambaye shi ba, don ina da ido. Ta sa na yanko mata likkafani, na wanke na ajiye a akwati. Abu ɗaya ya rage mata, shi ne takardar kabari.

Ka san takardar ai. Kana da wayo lokacin da Baba ya rasu can gida Aragon, a hannun Nasara, aka rufe ƙofa da taga, tsohon nan mai tukwane da yake mana limanci a ɓoye ya jiƙa za'afaran da ruwan wardi ya rubuta ta, aka sa a ƙarƙashin kan Baba kafin limamin coci ya iso. Domin in mala'iku biyu suka zo tambaya, mamaci ya sami abin dubawa. To waɗanda suka iya rubuta ta duk sun ƙare, wasu a teku sa'ad da aka koro mu, wasu a nan. Na je wurin limamin masallacinmu, mutumin Tunis ne, ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Ku Nasaran nan ba kwa rabo da tsarabe-tsarabe." Ka ji fa! A can mu ne Musulmin da za a ƙona, a nan kuma mu ne Nasara.

Inna ta ce a rubuta da Larabci a sama, a ƙasa a fassara mata da maganarmu ta Aragon, don shekarunta goma sha huɗu a ƙasar nan amma Larabcinta bai wuce Fatiha da cinikin albasa ba. Ni ban san kalmomin ba, kuma ta ce sai hannun malami. Kai kuwa aikinka ke nan, juya littattafan addini daga Larabci zuwa maganarmu, a kansa Basha, babban hakimin Turkawan nan, yake ciyar da kai. Shafi ɗaya ne, Faraj. Ga za'afaran nan na ƙulle a tsumma na ba Sa'adun mai kai dara. Jirginsu zai juyo kafin sanyi ya rufe teku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yayarka,
Shamsi

*

Santambul, watan Zulhajji, 1033

Zuwa ga Yaya Shamsi, Allah ya ƙara mata girma.

Aminci ya tabbata a gare ku. Ina lafiya, sai ciwon ido da ba ya rabuwa da mai karatu. Labarin Inna ya tayar mini da hankali ƙwarai. Ki durƙusa ki gaishe ta a madadina, ki ce mata ina yi mata addu'a bayan kowace salla.

Yaya, ki karanta abin da zan faɗa da sanyin zuciya. Takardar nan ba ta da asali a addini. Na duba littattafan malamai ban ga inda aka ce a yi ba. Iyayenmu sun yi ta ne a lokacin duhu, babu malami babu littafi, Allah ya karɓi niyyarsu. Amma yanzu mun fito sarari. Yaya za a rubuta sunan Allah a kai shi ramin da jiki zai ruɓe?

Kuma ba ki san a kan me nake tsaye ba. Duk babin da na fassara a littafin fiƙihun nan sai alƙalin da Basha ya naɗa ya sa an karanta masa an mayar masa da shi Larabci, kalma kalma. Akwai wani malami a majalisar da kullum cewa yake yaren kafirai ba ya ɗaukar addini, jira kawai yake in yi tuntuɓe. Ni kaina wani lokacin sai in wuni a kan kalma ɗaya, don duk wadda na ɗauko daga maganarmu sai in ji tana warin turaren coci. In aka ji na rubuta laya ta kabari, an rufe aikin nan ke nan. Littafin kuwa na dubban mutanenmu ne da suke salla ba su san me suke cewa ba.

Tambayar kabarin ma me ke cikinta da har sai an riƙe takarda? Ga ta nan duka da maganarmu:

Wane ne Ubangijinki? Allah.
Mene ne addininki? Musulunci.
Wane ne annabinki? Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Shi ke nan fa. Ko autarki za ta iya haddace wannan kafin miya ta tafasa. Mala'iku kuma ba su da yaren da ba sa ji.

Akwai babin jana'iza a littafin, zan yi bayanin komai a can yadda ya kamata idan na isa. Littafin fiƙihu daga tsarki yake farawa, ba a tsallake. Sannu ba ta hana zuwa. Za'afaran ɗin na gode, na ba matar mai gidan da nake haya, ta sa mana a shinkafa ranar salla, sai da na tuna gida.

Ƙanenki,
Faraj

*

Tastur, watan Safar, 1034

Faraj,

Muna lafiya. An fara ruwa, kogi ya ciko. Wannan ne jirgin ƙarshe kafin bazara, Sa'adun yana tsaye a ƙofa, don haka ba zan ja ba.

Allah ya sa shinkafar ta yi daɗi. Sannu ba ta hana zuwa, haka ne, sai dai a daɗe ba a je ba.

Na karanta wa Inna wasiƙarka daga farko har ƙarshe, ban ɓoye komai ba. Ta karɓa ta sa a ƙarƙashin matashinta. Tun ranar ba ta ƙara yi mini zancen takardar kabari ba. Wuri ɗaya kawai take sa ni in maimaita mata.

Shamsi

*

Santambul, watan Rajab, 1034

Zuwa ga Yaya Shamsi.

Gaisuwa da fatan alheri. Sanyin bana ya yi mana mugun kamu, har tawada ta daskare a kwalba, amma alhamdu lillahi na fita lafiya. Wasiƙarki ta kwana a Izmir duk tsawon sanyi, sai makon jiya ta iso.

Wallahi na yi farin ciki da na ji Inna ta bar zancen takardar. Dama na san haka za a yi. Inna mace ce mai hankali, da ta ji hujja sai ta sallama. Ke ce dai mai zafin kai tun muna yara. Kin ga yanzu da na biye miki da mun sa ta cikin abin da ba shi da tushe.

Ga albishir. Alƙali ya sa hannu a babi na farko! Malamin nan da na gaya miki ya tsaya kai da fata a kan kalma biyu, muka yi ta ja har gaban Basha, ƙarshe aka ba ni gaskiya. Sai dai an ɗan dakatar da ni, don Basha yana son in fara juya masa wasu shafuka na littafin Nasara zuwa Larabci, zai yi jayayya da limamin jakadan Faransa. Mai ciyar da kai ba ka ce masa a'a. Da na gama zan koma kan namu.

Na sa an kwafe muku babin, ga shi nan a naɗe cikin fata. Bayanin ruwa ne, wanda ake alwala da shi da wanda ba a yi, da hukuncin rijiyar da ɓera ya faɗa. Ki riƙa karanta wa Inna kaɗan kaɗan, za ta ji daɗi ta ga addini da maganar da ta sha a nono. Ku ne farkon waɗanda suka gan shi a duk Afirka.

Ƙanenki,
Faraj

*

Tastur, watan Ramadan, 1034

Faraj,

Ina azumi, don haka zan yi ƙoƙari kada in zage ka. Muna lafiya. Inna ba ta iya tashi zaune sai an tallafe ta.

Rijiyar da ɓera ya faɗa! Uwarka tana bakin kabari ka aiko mata da ɓera. Kai da kake wuni a kan kalma ɗaya, layi biyu na yayarka sun gagare ka karantawa? Ba sallamawa ta yi ba, Malam. Ƙauna ta yanke. Ta ce, "Ƙyale shi Shamsi, ya zama babban mutum, kada mu ɓata masa aiki." Ranar ta juya wa bango fuska har la'asar.

Ta hana ni gaya maka abin da zan faɗa yanzu, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma na gaji da tara kwano ni kaɗai.

Ka tuna shekarar da aka ce maka Inna ta tafi jinyar ƙanwarta, ka yi ta kuka ina goya ka? Ba jinya ta je ba. Wata maƙwabciya ce ta ga kana tsugune a bakin rafi ta gane an yi maka kaciya, ta kai ƙara. Masu baƙaƙen riguna na kotun coci suka zo suka tafi da Inna. Ɗaki ne ba taga, mutum biyu a zaune, ɗaya yana tambaya ɗaya yana rubutawa. "Mene ne addininki?" Da ta faɗi gaskiya, da an ƙwace mu ni da kai an kai mu gidan coci, yau da kai ne kake kaɗa musu ƙararrawa. Ta ce ita Banasariya ce, sunanta Biriyanda, ta ƙi sunanta na yanka ta ce ba ta san wata Nuzaiha ba, ciwo ne ya sa wanzami ya taɓa ɗanta. Suka ɗaure mata dantse da igiya suna murɗawa suna sake tambaya. Duk sanda suka tambaya sai ta kai hannu goshi ta yi alamar gicciye ta karanto musu addu'arsu. Wata da watanni ana haka. Tabon nan da kake gani a hannunta ba na murhu ba ne.

Ta dawo gida ta ci gaba da koya mana baƙaƙe da yatsa a cikin faifan gari, don in an buga ƙofa a shafe da tafin hannu. A faifan nan karatunka ya fara, in ka manta.

To tun daga lokacin, duk namijin da ya daka mata tsawa da tambaya, hannun nan tashi yake da kansa. Na gani da idona a kasuwar Tastur, wani sojan Baturke ya ce mata "Ke wace ce?" hannun ya tafi goshi, ta wayance da gyaran kallabi.

Wurin da take sa ni maimaitawa a wasiƙarka, tambayoyin nan uku ne. Rannan ta ce in gwada ta. Na ce, "Mene ne addininki?" Faraj, kafin in rufe baki hannun ya kai goshi, bakinta ya kama addu'ar coci. Ta ji kanta da kunnenta. Ban taɓa ganin kuka irin wannan ba. Ta ce, "Kin gani? Ba yaren mala'iku nake tsoro ba. Mutum biyu ne, a duhu, su tayar da ni su tambaye ni. Bakina ya san abin da yake faɗa a irin wannan ɗakin."

Don haka take son takardar. Ba laya take nema ba. So take idonta ya faɗa kan amsar kafin bakinta ya riga ta. Yanzu sai ka duba littattafanka ka gaya mini a wane babi wannan yake.

Shamsi

*

Santambul, watan Zulƙida, 1034

Yaya,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Ban sani ba, wallahi ban sani ba. Me ya sa ba wanda ya gaya mini?

Ki faɗa wa Inna, ki faɗa mata da ƙarfi, wanda aka tilasta alhali zuciyarsa tana kan imani babu laifi a kansa, malamai ba su yi saɓani a kan wannan ba. Na san wannan tun ina ɗalibi. Yana can wajen ƙarshen littafin, ban isa ba.

Na sayo za'afaran da ruwan wardi. Na rubuta, Larabci a sama, maganarmu a ƙasa, da manyan baƙaƙe saboda idonta. Har yanzu ban ga inda aka ce a yi ba, amma na yi. Magatakardan alƙali ya shigo ya tarar da yatsuna rawaya, ya dubi takardar ya fita. Abin da zai faru ya faru. Sa'adun ya riga ya tashi, na ba wani mai jirgi da zai bi ta Iskandariya, ya rantse mini zai kai.

Ki roƙa mini gafararta.

Faraj

*

Tastur, watan Muharram, 1035

Zuwa ga ƙanena Faraj.

Bayan gaisuwa, sai ta'aziyya. Inna ta rasu ranar Alhamis da hantsi, mako guda bayan babbar salla. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Mu muna nan lafiya, gidan ne ya yi faɗi.

Takardarka ta iso shekaranjiya. Ta yi kyau ƙwarai, har yanzu tana ƙamshi. Ihu bayan hari. Na zauna da ita a cinya na rasa ko kuka zan yi ko jifa da ita. Gafarar da ka nema kuwa, ba ta taɓa riƙe ka ba balle ta yafe, ni ce dai har yanzu ban huce ba.

Amma ba ta tafi hannu banza ba, kuma gara ka ji daga bakina. Da mata suka gama wanka, na ɗauko wasiƙarka ta farko daga ƙarƙashin matashi, waccan mai shinkafa. Na sa almakashi na yanke wa'azin sama da na ƙasa, na bar layi ukun nan. Na ari za'afaran wurin Goggo Marjana maƙwabciyarmu, na tsoma tsinin allurar saƙar Inna na bi kan baƙaƙenka ɗaya bayan ɗaya. Na sa mata a ƙarƙashin kai kafin maza su shigo. Ta ce sai hannun malami, to hannun malami ne. Ashe ka rubuta mata tun bara, a cikin wasiƙar da ka ce ba za ka rubuta ba. In laifi ne a ɗora mini.

Ita kuma sabuwar na ba Goggo Marjana, don ita ma an kai ta ɗakin nan a zamaninta. Ta rungume ta kamar jariri. Kafin magariba tsofaffi sun cika mini tsakar gida, kowace tana tambaya ko Malam zai yi mata. Ban san me zan ce musu ba. Ban san ko Basha ya kore ka ko bai kore ka ba. In kana nan kan aikin, don Allah ka ƙyale ɓeran nan a rijiyarsa ka tsallaka zuwa babin da mutanen nan suke jira. Waɗanda kake yi wa littafin mutuwa suke yi, 'ya'yanmu kuwa Larabci suke ji, ba sa bukatarsa.

Bari in gaya maka yadda ta ƙare, don haƙƙinka ne. Tun bayan azumi kullum da safe sai mun yi gwaji. Da ni ta fara iyawa, sai ta ce muryata ba ta ba ta tsoro, a kirawo Balkasim da ɗan'uwansa, a rufe taga. Ka san Balkasim da kunya, shekara ashirin bai taɓa haɗa ido da ita ba. Ya tsaya yana sunkuye yana cewa, "Inna, don Allah wane ne Ubangijinki?" Ta ce, "Kai ɗan nan, mala'ika ne zai ce mini don Allah? Daka mini tsawa!" Sai da muka yi dariya har da ita.

Ya koyi tsawar kuwa. Wata rana ta ci, wata rana hannun ya riga ta. Ta sa na riƙa danne mata shi, daga baya ta ce in saki, a can ba wanda zai riƙe mata.

Ranar Alhamis ɗin numfashinta ya riga ya canza, na ce a bar gwaji yau. Ta yi nuni da taga. Aka rufe. Balkasim ya tsaya a kanta hawaye na zuba, ya daka mata tsawar da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba. "Mene ne addininki?"

Na zuba wa hannun ido. Ta buɗe baki da kyar ta ce, "Musulunci. Sunana Nuzaiha."

Hannun yana nan kan bargo, Faraj. Bai motsa ba.

Yayarka,
Shamsi